Mambobin da ba su taɓa aro ba sun ƙi fitowa a ƙirga, ina sifilin ya shiga?

Sadiya:
Assalamu alaikum. Don Allah masana SQL a taimaka mini. Rahoto nake haɗawa na wani ɗakin karatu, a kan PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai. Tebur biyu ne. Na farko mambobi, yana da lamba da suna. Na biyu aro, yana da lamba, lambar_mamba, ranar_aro da ranar_mayarwa. An ce in fitar da sunan kowane mamba da adadin littattafan da ya taɓa ara. Ga abin da na rubuta:

SELECT m.suna, COUNT(*) AS adadi
FROM mambobi m
JOIN aro a ON a.lambar_mamba = m.lamba
GROUP BY m.suna;

Yana aiki, amma duk wanda bai taɓa aro ba ba ya fitowa kwata-kwata. Su kuwa masu ɗakin karatun waɗannan mutanen ma suka fi son gani, don su san wa ya yi rajista ya tafi bai sake leƙowa ba. So nake su fito da sifili a gaban sunansu.

Nura:
Wa alaikumus salam. Sa LEFT kafin JOIN, shi ke nan.

Sadiya:
Na sa. Yanzu kowa ya fito, sai dai wanda bai ari komai ba ana ba shi 1. Babu sifili ko guda a rahoton. Na duba teburin aro da idona, mutumin ba shi da layi a ciki. Daga ina ɗayan ta fito?

Malam Habu:
Sadiya, ajiye COUNT da GROUP BY tukuna, ki kalli abin da haɗin yake fitarwa tsirararsa. A ce mambobi huɗu ne: Amina ta ari littafi 4, Bala 2, Kande da Musa ba su ari komai ba. Ki buga

SELECT m.lamba, m.suna, a.lamba
FROM mambobi m
LEFT JOIN aro a ON a.lambar_mamba = m.lamba;

Layi takwas za ki gani. Huɗu na Amina, biyu na Bala, sai Kande layi ɗaya, Musa layi ɗaya. A layin Kande, gurbin a.lamba NULL ne, wato babu ƙima a ciki, haka duk wani ginshiƙi da ya fito daga teburin aro. Wannan layin babu shi a ko'ina a rumbun, LEFT JOIN ne ya ƙirƙiro shi don kada Kande ta ɓace. To COUNT(*) layuka yake ƙirgawa, ba ruwansa da abin da ke cikinsu. Ya ga layi ɗaya da sunan Kande, ya ce ɗaya. Bai yi ƙarya ba.

Idan kika ba COUNT sunan ginshiƙi kuwa, yana tsallake duk inda ya tarar da NULL. Saboda haka COUNT(a.lamba) za ki rubuta. Kamar kiran suna ne a aji: daga rajista malami yake kira, sannan ya yi maki ga wanda ya amsa. Teburin mambobi shi ne rajistar, shi ya sa yake hagu, a.lamba kuma ita ce amsawar.

Ki kula da ginshiƙin da za ki saka a ciki. Dole ya zama na teburin dama, kuma wanda ba ya taɓa zama fanko a layi na gaskiya. Idan kika sa m.lamba kin koma gidan jiya, 1 za ki samu. Idan kika sa a.ranar_mayarwa, duk littafin da ba a mayar ba tukuna zai faɗi daga lissafi, kuma babu wani saƙon kuskure da zai sanar da ke.

Zulai:
Malam, ni an koya mini COUNT(1) ya fi COUNT(*). Shi ma ba zai yi ba a nan?

Malam Habu:
Ba zai yi ba. Ɗaya ba ta taɓa zama NULL, don haka kowane layi ake ƙirgawa. Sakamakonsu iri ɗaya ne.

Injiniya Rabi:
Kafin a wuce, akwai abin da ba wanda ya taɓa. GROUP BY m.suna haɗari ne. Ranar da aka sami mambobi biyu masu suna ɗaya, za a haɗe su su zama mutum guda, a tara musu aronsu wuri ɗaya. Mafi muni, idan ɗaya yana aro ɗayan bai taɓa ba, sifilin da kike nema ya nutse a cikin lissafin takwaransa. Ki tara da babban mabuɗi (PRIMARY KEY), wato lambar da ba ta maimaituwa:

SELECT m.lamba, m.suna, COUNT(a.lamba) AS adadi
FROM mambobi m
LEFT JOIN aro a ON a.lambar_mamba = m.lamba
GROUP BY m.lamba, m.suna;

A PostgreSQL, tun daga 9.1, GROUP BY m.lamba kaɗai ya isa muddin ita ce babban mabuɗin teburin, domin ya san suna na bin lamba. MySQL ma ya fahimci haka tun 5.7.5, lokacin da suka kunna ONLY_FULL_GROUP_BY ya zama ƙa'ida. SQL Server kuwa sai kin jero su duka. Ni dai jerowa nake yi ko'ina, ba ta rage ni da komai.

Sadiya:
Na gode Malam, na gode Anti Rabi. Sifili ya fito. Amma ga wata sabuwa. An ce na shekarar 2024 kawai ake so. Na ƙara

WHERE a.ranar_aro >= '2024-01-01' AND a.ranar_aro < '2025-01-01'

sai masu sifilin suka sake ɓacewa, alhali LEFT JOIN ɗin yana nan ban taɓa shi ba.

Nura:
Saboda ranarsu NULL ce. Rufe sharaɗin a baka biyu ki ƙara OR a.lamba IS NULL a ƙarshe, za su dawo.

Injiniya Rabi:
Nura, an gudu ba a tsira ba. Gwada shi da misalin Malam. A ce duka aro biyun Bala a 2023 ya yi su. Haɗi zai ba shi layi biyu na gaskiya, masu a.lamba a cike. WHERE ta zo ta duba: ranar ba ta cikin 2024, a.lamba kuma ba NULL ba ce. Ta zubar da duka biyun. Bala ya ɓace daga rahoto. Kande da Musa sun dawo da sifilinsu, sai mai rahoto ya ɗauka komai ya gyaru, alhali mutumin da ya fi kowa cancantar a neme shi, wanda yake aro da can ya daina, shi ne babu. Wannan gyaran ya fi matsalar farko haɗari don ba a ganinsa.

Wurin sharaɗin shi ne cikin ON:

LEFT JOIN aro a
 ON a.lambar_mamba = m.lamba
 AND a.ranar_aro >= '2024-01-01'
 AND a.ranar_aro < '2025-01-01'

ON ita ke yanke wane layin aro ya cancanci a manna wa mamba. Idan babu ko ɗaya da ya cancanta, mamba yana nan da layinsa na NULL. WHERE kuwa bayan an gama haɗi take zuwa, ta tace abin da ya fito. NULL >= kowace rana ba gaskiya ba ce, ba ƙarya ba ce, "ba a sani ba" ce, WHERE kuma ba ta barin layi ya wuce sai sharaɗi ya tabbata gaskiya. Har ma PostgreSQL da MySQL in suka ga irin wannan sharaɗin a WHERE, da kansu suke mayar da LEFT JOIN ɗin ya koma haɗi na ciki, wato JOIN zalla, tun kafin su fara aiki, tunda sun san sakamakon ɗaya ne. Ki buga EXPLAIN, umarnin da ke nuna tsarin da rumbu zai bi, a kan na farkon, ba za ki ga kalmar Left a tsarin ba.

Nura:
To idan sharaɗin a kan teburin mambobi ne fa? Misali mambobin da rajistarsu ba ta ƙare ba. Shi ma ON?

Injiniya Rabi:
A'a, wannan na WHERE ne. In ka sa shi a ON ba zai cire kowa ba. Mai ƙararriyar rajista zai fito abinsa, sai dai a hana shi aronsa a ba shi sifilin ƙarya.

Malam Habu:
Wannan rabuwar ta ON da WHERE ba kwalliya ba ce. Kafin ƙa'idar SQL-92, kowane kamfani da yadda yake rubuta haɗin waje, wato irin su LEFT JOIN, kuma galibi a cikin WHERE ake cusa shi. Oracle yana da alamar tarawa a cikin baka, SQL Server yana da *=. Sharaɗin haɗi da sharaɗin tacewa suna zaune wuri ɗaya, mai karatu ba ya iya bambance su cikin sauƙi. Oracle bai karɓi rubutun LEFT JOIN ba sai a 9i. Wanda ya gaji tsohon aiki har yau zai iya cin karo da waccan alamar.

Ɗanlami:
Na karanta tun daga sama. Ku yi haƙuri manya, amma duk wahalar nan ku kuka ɗora wa kanku. Tarko uku kenan an faɗa tun ba a je ko'ina ba: tauraron COUNT(*), GROUP BY, WHERE. Ga hanyar da ba ta da ko ɗaya:

SELECT m.lamba, m.suna,
 (SELECT COUNT(*) FROM aro a
 WHERE a.lambar_mamba = m.lamba
 AND a.ranar_aro >= '2024-01-01'
 AND a.ranar_aro < '2025-01-01') AS adadi
FROM mambobi m;

Babu haɗi, babu layin bogi, babu GROUP BY. COUNT(*) a kan abin da babu komai sifili yake bayarwa. Sharaɗi yana cikin WHERE inda hankali yake kai shi. Wanda ya fara koyo jiya ma zai karanta ya gane: ga kowane mamba, ƙirga mini aronsa. Ban ga dalilin da ake fara koya wa mutane LEFT JOIN a wannan aikin ba.

Injiniya Rabi:
Daidai yake, ba na musu. Amma ka faɗa mata kuɗinsa. PostgreSQL ba ya warware irin wannan ƙaramar tambayar da ke cikin SELECT ya mayar da ita haɗi. Gudanar da ita yake yi sau ɗaya ga kowane mamba, za ka gan ta a EXPLAIN da sunan SubPlan. Idan babu fihirisa (index) a kan aro.lambar_mamba, kowane mamba sai an karance masa teburin aro daga farko har ƙarshe. Mamba dubu goma, karatu dubu goma. Haɗin kuwa yana iya bin teburin sau ɗaya ya gama.

Ɗanlami:
Laifin rashin fihirisa ne wannan, Injiniya, kada a ɗora wa tambayata. Wa ke barin mabuɗin haɗi ba fihirisa?

Injiniya Rabi:
Mutane da yawa, kuma ba da gangan ba. Wanda ya saba da MySQL ya saba InnoDB, injin ajiyarsa, yana ƙirƙira masa ita da zarar ya ayyana mabuɗin. PostgreSQL ba ya yi, SQL Server ba ya yi, SQLite ma haka. Babban mabuɗi ne kawai da ginshiƙi mai UNIQUE suke samu kai tsaye. Sadiya, ki duba naki. In babu:

CREATE INDEX ON aro (lambar_mamba, ranar_aro);

Ɗanlami:
To da fihirisar fa? Kuma mu faɗi gaskiya, sau nawa ake fitar da duka mambobi a lokaci ɗaya? A manhaja mutum ashirin ake nunawa a shafi. Tawa za ta leƙa fihirisa sau ashirin ta tsaya.

Injiniya Rabi:
A shafi mai mutum ashirin da aka jera da lamba, na ba ka. Amma ranar da aka ce a jera daga wanda ya fi kowa aro, dole a ƙirga wa kowa kafin a san waye na farko, ribar ta tafi. Ita kuma Sadiya rahoto take yi na kowa da kowa. Kowa ya buga EXPLAIN ANALYZE a kan bayanansa ya gani, ya fi mu yi ta ja.

Sadiya:
Fihirisar babu ita, na saka. Ina bin muhawarar taku, amma ga abin da ya tsayar da ni yanzu. Akwai tebur na uku, tara, na waɗanda suka makara wajen mayar da littafi. Yana da lamba, lambar_mamba da kima. Na ƙara LEFT JOIN na biyu don in fitar da adadin tara da jimillarta. Sai lissafi ya haukace. Wadda na san aronta 4 ne tararta 3, an ba ta 12 a duka biyun.

Ɗanlami:
Tarko na huɗu. Ina zaune ina kallo.

Malam Habu:
Huɗu sau uku, sha biyu. Aro da tara ba su san juna ba, kowanne mamba kawai ya sani. Da kika haɗa su a jere, kowane layin aro sai ya auri kowane layin tara na mutumin. Abin da ke sa a daɗe ba a gano shi ba, mai tara ɗaya ko marar tara lissafin aronsa daidai yake fitowa, tunda ninkawa da ɗaya ba ta canza komai. Sai an zo kan mai biyu ko fiye abin yake bayyana.

Nura:
COUNT(DISTINCT a.lamba) da COUNT(DISTINCT t.lamba). Wannan kam na tabbata.

Injiniya Rabi:
Ƙirgan zai gyaru, gaskiyarka. Jimillar fa? SUM(t.kima) tana nan a ninke sau huɗu. In ka ce SUM(DISTINCT t.kima), to mutumin da aka ci tara sau biyu, 50 da 50, za ka ce 50 ake binsa, domin DISTINCT ƙimar yake kallo, bai san layi biyu ba ne daban. Ban da haka, layukan nan da suka ninku sai an gina su tukuna sannan a zo ana tacewa. Mai aro 300 da tara 40 layi 12,000 ne shi kaɗai.

Abin da nake yi shi ne in tara kowane tebur shi kaɗai, ya koma layi ɗaya ga kowane mamba, sannan in haɗa:

SELECT m.lamba, m.suna,
 COALESCE(a.adadi, 0) AS adadin_aro,
 COALESCE(t.adadi, 0) AS adadin_tara,
 COALESCE(t.jimilla, 0) AS jimillar_tara
FROM mambobi m
LEFT JOIN (SELECT lambar_mamba, COUNT(*) AS adadi
 FROM aro
 WHERE ranar_aro >= '2024-01-01' AND ranar_aro < '2025-01-01'
 GROUP BY lambar_mamba) a ON a.lambar_mamba = m.lamba
LEFT JOIN (SELECT lambar_mamba, COUNT(*) AS adadi, SUM(kima) AS jimilla
 FROM tara
 GROUP BY lambar_mamba) t ON t.lambar_mamba = m.lamba;

A nan COUNT(*) halal ne, WHERE ma tana wurinta, saboda a cikin gida babu layin bogi. COALESCE kuwa, mai mayar da NULL sifili a nan, wajibi ce. Kande ba ta da rukuni a cikin ƙaramar tambayar, don haka abin da zai zo mata daga haɗi NULL ne, ba sifili ba.

Ɗanlami:
Ai kin dawo layina ke nan, Injiniya. Ƙananan tambayoyi ne waɗannan, kin sauko da su ne kawai daga SELECT zuwa FROM.

Injiniya Rabi:
Da bambanci. Tawa sau ɗaya take bin kowane tebur. Kai kuma adadin tara da jimillarta sai ka rubuta tambaya biyu daban a kan tebur ɗaya, tunda kowacce ƙima ɗaya take iya dawowa da ita. Kuma kada ka manta, SUM a kan fanko NULL take bayarwa, ba kamar COUNT ba. Kai ma sai ka nemi COALESCE.

Ɗanlami:
LATERAL, mai barin ƙaramar tambaya a FROM ta duba layin kowane mamba, na nan don wannan. PostgreSQL yana da shi tun 9.3, MySQL tun 8.0.14. Tambaya ɗaya, ginshiƙi biyu.

Malam Habu:
Abin da kuke ja a kai ya girmi yawancin 'yan zauren nan. A 1982 Won Kim ya wallafa hanyar da injin rumbun bayanai zai bi ya mayar da irin tambayar Ɗanlami ta koma irin ta Rabi da kansa, don sauri. Daga baya aka gano hanyar tana yar da layukan da ƙirgansu sifili ne, daidai abin da ya sami Sadiya a saƙonta na farko: an tara, an yi haɗi na ciki, wanda ba shi da rukuni ya ɓace. A 1987 Ganski da Wong suka kawo gyaran, kuma gyaran haɗin waje ne. Don haka kada wanda ya faɗa ramin nan ya ga kamar shi kaɗai ne.

Ra'ayina, tebur ɗaya a dama, LEFT JOIN da COUNT na ginshiƙi. Biyu ko fiye, kada a jera haɗi a dogara da DISTINCT, a bi ta Rabi ko ta Ɗanlami.

Zulai:
Masu amfani da Django, tsarin gina manhajar yanar gizo, su lura, abin nan yana nan a ɓoye. annotate da Count yana yin LEFT OUTER JOIN, sifili yana fitowa lafiya. Amma ka sa Count biyu a kan alaƙa biyu, ninkin nan na sha biyu zai same ka, takardun Django da kansu sun yi gargaɗi a kai, suka ce a sa distinct=True. Idan kuma ka kira filter a kan teburin dama kafin annotate, masu sifili sun tafi. Tun Django 2.0 ana iya ba Count nasa filter a ciki, shi ne mafita. Laravel kuwa withCount ɗinsa hanyar Yaya Ɗanlami yake bi, ƙaramar tambaya a cikin SELECT.

Usman:
Ni tambayata daban ce. Me ya sa za a wahalar da rumbu? Ka ɗauko masu aro da JOIN, ka ɗauko jerin mambobi, a cikin manhaja duk wanda ba ka gani ba ka rubuta masa 0. Ko ma ka ajiye ginshiƙi a teburin mambobi, duk aro ka ƙara ɗaya.

Injiniya Rabi:
Ta farko tana yi in nunawa kawai za ka yi. Matsalar tana zuwa ne ranar da wani ya ɗora lissafi a kan tambayar. Koma misalin Malam: aro 6, mamba 4. Matsakaicin aro ga kowane mamba 1.5 ne. Ɗauki AVG a kan sakamakon JOIN, za ka samu 3, domin mutum biyu kawai ya gani. Rahoto ya ninka gaskiya, kuma babu abin da zai nuna maka. Haka in aka ce a jera daga mafi ƙarancin aro, ko a kasa shafi-shafi, duk sai ka sake rubutawa da hannu.

Ginshiƙin ƙirga kuma ana yi, Rails ma yana da counter_cache don haka. Amma amsar tambaya ɗaya tak yake riƙewa. Da aka ce wa Sadiya na 2024 kawai, da me zai taimaka mata? Kuma duk wanda ya goge layi kai tsaye a rumbu ba ta manhaja ba, lambar ta karkace ke nan har sai an sake ƙirgawa.

Sadiya:
Ta Anti Rabi na ɗauka don tara. Saura ɗaya: ana son a ga littattafan da ke hannun kowa yanzu, waɗanda ranar_mayarwa ɗinsu NULL ce, kusa da jimillar aronsa.

Malam Habu:
A nan ki yi taka-tsantsan, domin NULL iri biyu ne za su gauraya: na littafin da ba a mayar ba, da na layin bogi. In kina kan LEFT JOIN kai tsaye:

COUNT(a.lamba) AS duka,
COUNT(a.lamba) FILTER (WHERE a.ranar_mayarwa IS NULL) AS a_hannu

FILTER ya shigo PostgreSQL a 9.4, SQLite ma ya samu a 3.30. MySQL ba shi da shi, sai CASE. Ga inda ake zamewa: mutum ya rubuta COUNT(CASE WHEN a.ranar_mayarwa IS NULL THEN 1 END). Layin bogin Kande ranar mayarwarsa NULL ce, sai a ce tana riƙe da littafi ɗaya, ita da ba ta taɓa ara ba. A sa THEN a.lamba a maimakon 1. In kuma a cikin ƙaramar tambayar Rabi kika saka shi, babu wannan damuwar.

Nura:
Idan sunayen marasa aro kawai ake so ba tare da adadi ba, ai WHERE m.lamba NOT IN (SELECT lambar_mamba FROM aro) ya fi gajarta ko?

Ɗanlami:
Ya fi gajarta, har ranar da layi ɗaya a teburin aro ya zo da lambar_mamba NULL. Daga ranar tambayar ba za ta sake dawo da kowa ba, fanko, ba kuskure ba gargaɗi. Dalili, NOT IN yana nufin lambar ta bambanta da kowace ƙima a jerin, bambanci da NULL kuma "ba a sani ba" ne. NOT EXISTS ba shi da wannan ciwon. A nan ko Injiniya ba za ta yi musu da ni ba.

Injiniya Rabi:
Ba zan yi ba.

Zulai:
Ƙari kaɗan tunda rahoto ne, za su dawo su ce a ba su na wata-wata. Watan da ba a yi aro ba shi ma ɓacewa yake, kuma shi ba shi da teburin da za a sa a hagu. Sai an ƙirƙira:

SELECT w.wata, COUNT(a.lamba)
FROM generate_series(DATE '2024-01-01', DATE '2024-12-01', INTERVAL '1 month') AS w(wata)
LEFT JOIN aro a ON a.ranar_aro >= w.wata
 AND a.ranar_aro < w.wata + INTERVAL '1 month'
GROUP BY w.wata
ORDER BY w.wata;

In kowane mamba a kowane wata ake so, CROSS JOIN tsakanin mambobi da watanni tukuna, sannan LEFT JOIN. Masu MySQL 8.0 su yi da WITH RECURSIVE ko su ajiye teburin kwanaki.

Injiniya Rabi:
Sadiya, kafin ki miƙa, gwaji biyu. Yawan layukan rahoto ya yi daidai da SELECT COUNT(*) FROM mambobi. Jimillar adadin_aro kuma ta yi daidai da ƙirgan teburin aro na 2024 kai tsaye. Na farko yana kama ɓacewa, na biyu yana kama ninki.

Sadiya:
Na farko ya yi daidai. Na biyu bai kai ba, rahoton ya gaza da 7.

Ɗanlami:
To ba ninki ba ne, marayu ne. Akwai aro a teburin da ba su da mamba. Juya haɗin:

SELECT a.*
FROM aro a
LEFT JOIN mambobi m ON m.lamba = a.lambar_mamba
WHERE m.lamba IS NULL
 AND a.ranar_aro >= '2024-01-01' AND a.ranar_aro < '2025-01-01';

Sadiya:
Su ne, guda 7 cif. Dukansu lambar_mamba NULL. Mabuɗin an ayyana shi da ON DELETE SET NULL, da alama mambobin aka goge. Biyu daga ciki ma ba a mayar da littafin ba. In goge su in sa NOT NULL?

Malam Habu:
Kada ki goge komai. Ki ƙara layi ɗaya a ƙasan rahoton da UNION ALL, ki kira shi "aro marar mamba", jimilla ta cika. Biyun da ba a mayar ba ki kai wa masu ɗakin karatun da lambobinsu. Maganar NOT NULL kuma ba za ta zauna da SET NULL ba, goge duk mamba mai aro zai riƙa faɗuwa da kuskure. Sai sun yanke tukuna ko za a hana goge mamba mai aro, ko a daina gogewa a riƙa yi masa alamar ya bar rajista. In suka zaɓi alamar, sharaɗinta a WHERE zai zauna, tunda na teburin hagu ne.